Zafin da Bai Iso Ba

Tsohon fulogi ne, farin kansa ya rine ya koma kalar ƙasa, an cusa shi a bakin wani siririn tiyo an naɗe da waya, kamar yadda ake ɗaure bakin salka. Ɗan'uwansa na nan kusa da shi a bakin wani tiyon, shi ma a ɗaure. Na yi shekaru ina buɗe bonet ɗin motar nan, in duba baƙin mai, in ƙara ruwa a lagireto, in mayar in rufe, ban taɓa tambayar kaina abin da fulogi yake yi a wurin da babu wuta ba.

Hunturun bara ne ya sa na gan su. Gwiwoyin Inna sun matsa mata, likita ya ce a riƙa kawo ta duk ranar Talata, kuma kowa ya san in ba ka yi sammako ba, kai da ganin likita sai bayan azahar. Don haka da an sallame sallar asuba nake tayar da mota. Baƙo zai ce wane irin sanyi ne a Katsina, garin da kwalta ke laushi a watan Afrilu. To, ya zo ya tsaya a Ƙofar Ƙaura da ƙarfe shida na safe a watan Janairu, iskar nan ta Sahara ta ratsa shi, sannan mu yi magana. Inna takan zauna a baya ita da ƙanwata, cikin mayafi biyu da bargo. Ba ta cewa komai, amma ta madubi ina ganin yadda take cusa hannuwa cikin hammata. Ran nan na tura ɗan maƙunnin hita zuwa wajen ja, na kunna fanka. Ta watso mana ƙura da iskar da ta fi ta waje sanyi. Ƙanwata ta ce, "Yaya, don Allah kashe." Na kashe.

Motar Peugeot 504 ce, Fijo dai, doguwar nan mai kujeru layi uku. Ba haɗin Kaduna ba ce. Kamfanin ya fito da 504 a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, aka fara harhaɗa Fijo a Kakuri a 1975, kuma ko bayan da Faransa ta daina ƙera ƙaramar a 1983, Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har aka shiga sabon ƙarni. Tamu kuwa daga Sochaux ta fito, can gabashin Faransa kusa da iyakar Suwizalan, inda ƙanƙara ke rufe titi. A wancan zamani samarin Turawa sukan sayi tsofaffin Fijo, su haye teku zuwa Aljeriya, su bi ta Tamanrasset, su shigo Nijar ta Assamaka, su gangaro Arlit da Agadas, su sayar da motar su koma gida da kuɗin. Ɗaya daga cikin irin waɗannan ce ta gangaro har Maraɗi, Baba ya saye ta ina aji uku na firamare. Wato waɗanda suka ƙera ta sun yi ta ne da tunanin mutumin da ke jin sanyi.

Kimiyya nake koyarwa a sakandare, na kuma sha zana inji a allo, amma sai da na sunkuya a kan wannan na gane abin da nake faɗa wa yara. Hitar irin wannan mota ba ta ƙirƙirar zafi. Babu wata waya a ciki da ke yin ja irin ta hitar dafa ruwa. Zafin na inji ne, kuma yana da shi har ya yi masa yawa: a duk litar fetur da ya ƙona, abin da ke isa ga tayoyi bai fi kashi ɗaya cikin huɗu ba, in an yi sa'a ɗaya cikin uku. Sauran duk zafi ne, wani ya bi salansa ya fita, wani ruwa ya kwashe ya kai lagireto iska ta tafi da shi. Abin da maƙeran suka yi shi ne suka ja siraran tiyo biyu, suka ratsa da su bangon ƙarfen da ya raba inji da mazaunin mutane, suka kai su ga wani ɗan ƙaramin lagireto da ke ɓoye ƙarƙashin dashbod. Ɗaya ya kai ruwan zafi, ɗaya ya mayar da shi. A bakin shiga suka sa bawul, ɗan famfo ne da bai cika tafin hannu ba, da wayar da ta haɗa shi da maƙunnin da direba ke turawa. Ka tura ja, ya buɗe, ruwan da ya kai wajen digiri 80 ya ratsa ɗan lagireton, fanka ta huro ɗuminsa ga ƙafafunka. Ka mayar shuɗi, ya rufe. Ka tsaya tsakiya, ya ba ka tsaka-tsaki. Iyakar aikinsa ke nan: ko zafin da ke akwai zai isa ga mutane, kuma da wane gwargwado.

Na kai ta wurin Kawu. Ba ɗan'uwanmu ba ne na jini, makaniken Baba ne tun ranar da motar ta shigo gidanmu, kuma ban taɓa kiransa da wani suna ba sai wannan. Yanzu ido ya yi rauni, yana zaune ne kan benci a gindin darbejiya yana ba yara umarni, amma da kunne yake gane ciwon inji tun mota ba ta tsaya ba. A Maraɗi ya koyi aiki, shi ya sa har gobe ba ya cewa bawul, sai robine. Ya zura hannu ya lalubo fulogin, sai ya yi dariya.

"Malam, ai ni na cusa su da hannuna."

Na ce, "Kawu, me ya yi zafi haka?"

Ya ce robine ɗin ne ya fara yoyo, kuma da yake a ciki yake, ruwan zafin yana ɗiga ne daidai inda mai zama gaba ke ajiye ƙafa. "Wa ke zama gaba ran Juma'a in Alhaji zai tafi masallaci? Kai ne, da 'yan silifas ɗinka. Daga masallaci nan ya yo, ko babbar riga bai tuɓe ba. Ya ce a toshe shi yau ɗin nan, kafin a samo sabo." Ya tofar da goro. "Sabon ne dai ba a samo ba."

Kafin a samo sabo. Baba ya kwanta dama shekara goma sha ɗaya ke nan, fulogin na nan inda aka bar shi.

Dole in faɗi wani abu game da kaina, in ba haka ba mai karatu zai rasa dalilin da maganar makanike ta hana ni barci. Ni ɗan fari ne. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya. Ga ƙannena ni "yayanku" ne, ga baƙi "wancan". Da aka yaye ni aka kai ni wurin Kaka a Jibiya, sai da zan shiga makaranta na dawo gidan da kowa yake da wanda zai hau cinyarsa ban da ni. Baba kuwa "kai" yake ce mini. Ranar da takardar shigata jami'a ta zo na kai masa zaure, ya karanta tun daga sama har ƙasa, ya ninke ta yadda take, ya miƙo mini, ya ce in je in duba ko an ba tumaki ruwa. Na je na duba. An ba su.

Ba baƙon abu ba ne wannan, kuma ba gidanmu aka fara ba. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta aka buga a 1954, ta yi bayanin kunyar ɗan fari yadda ta same ta wurin iyaye da kakanni. Shi ma Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki da aka buga a 1974, ya lissafa kunya cikin halayen da Bahaushe ke auna mutum da su, a jeri ɗaya da gaskiya da amana da haƙuri. Mu ba ma bukatar Bature ya gaya mana. Mun san kara, mun san kawaici, mun san alkunya, mun san cewa uwar da ta tsaya tana yabon ɗanta a tsakar gida ta zubar da wani abu da ba ya kwasuwa. Ni kaina haka nake ji har cikin ƙashina. In na ga abin da ake yi yanzu a Facebook, uba ya liƙa hoton ɗansa da dogon kirari don ya ƙara shekara, sai in ji kamar an fito da kayan ɗaki tsakar kasuwa.

To, amma na ba wani abokina labarin fulogin, malamin Islamiyya ne, mun yi aji ɗaya, sai ya ɗauke shi ya kai inda ban nufa ba. A wurinsa kunyar ɗan fari gyauron al'ada ce da ya kamata a ce an binne tuntuni. Ya kawo mini ƙissar Aƙra'u ɗan Habis, shugaba daga Banu Tamim, wanda ya ga Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan, sai ya yi mamaki ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Amsar da aka ba shi ta ɗaure samun rahama da yin ta ga wasu. Bukhari da Muslim duk sun ruwaito. Ya ƙara da ta mutumin nan da ya ce yana ƙaunar wani da ya wuce, aka tambaye shi ko ya sanar da shi, da ya ce a'a aka umarce shi ya je ya sanar. Sannan ya tuna mini cewa malamanmu na Malikiyya sun ba al'ada gurbi a hukunci, amma da sharaɗin kada ta yi karo da nassi. "Ka gaya mini," in ji shi, "ina bambancin mahaifinka, Allah ya jiƙansa, da Aƙra'u?"

Raina ya ɓaci, na kuma rasa amsa nan take. Sai da na dawo gida na tuna da ɗaya ƙissar, ita ma a Bukhari: Annabi ya wuce wani mutumin Madina yana yi wa ɗan'uwansa faɗa kan kunyarsa ta yi yawa, aka ce ya ƙyale shi, domin kunya yanki ce ta imani. Ga nassi, ga nassi. Na san malamai za su ce babu karo a tsakaninsu, kunyar da aka yaba ita ce mai hana mummunan aiki, wadda ta hana kyakkyawa kuwa rauni ne da ya ari sunan kunya. Gaskiya ne. Amma wannan rabon a takarda yake da sauƙi. A zaure, gaban mutumin da ke ninke takarda yana tambayar ruwan tumaki, wa zai ce ga inda ɗaya ta ƙare ɗaya ta fara?

Inda abokina ya yi kuskure, a ganina, shi ne ya taɓa dashbod ya ji sanyi sai ya yanke cewa injin ne a mace. Aƙra'u alfahari yake yi da rashin sumbar, yana ganinta ƙasƙanci. Baba ba haka yake ba, kuma ina da shaida, domin Kawu bai tsaya a labarin fulogi ba. Ya ce ranar da takardar jami'ar nan ta zo, bayan la'asar, Alhaji ya zo gareji babu abin da ya lalace a motar. Ya zauna a bencin nan, ya aika aka sayo goro da tsire, ya raba wa yara, ya faɗi sunan jami'ar har sau uku, ya ce yaron nan zai yi abin da shi bai yi ba. "Har da sunanka ya faɗa," in ji Kawu. "Ni na ji da kunnena."

Shekara talatin da wani abu kafin labarin ya iso ni. Zafin yana nan ashe, da yawansa. Ta babban lagireto ya fita, iska ta kai wa 'yan gareji.

Nan ne tambayar take, kuma ba ta makanikai ba ce: ƙaunar da ba ta isa ga wanda aka yi dominsa ba, ta sauke nauyi? Mun taso ana koya mana cewa niyya ce ke ba aiki darajarsa, kuma Allah zuciya yake dubawa. Ban yi shakkar ladan Baba a wurin Ubangijinsa ba. Amma a fiƙihu ma niyya sharaɗi ce, ba ta tsayawa a madadin aikin in haƙƙin wani ya shigo. Wanda ya ware zakkarsa ya ɗaure a ƙyalle ya ajiye ƙarƙashin katifa, da kyakkyawar niyya, har shekara ta zagayo, miskinin da ke ƙofar gidansa bai ci komai ba. Wanda ake bi bashi ba ya biya da jin nauyin mai kuɗin a ransa. In ɗa yana da haƙƙin ci da sha da sutura a kan mahaifinsa, Baba kuwa bai taɓa gazawa a nan ba, shin yana da haƙƙin ya san ana son sa? Ƙissar mutumin da aka tura ya je ya sanar tana nuna mini cewa sanin ma wani abu ne da ake bayarwa, kamar hatsi.

Na daɗe ina juya wannan, har na faɗo kan sadakar ɓoye, wadda addini ya fifita, irin wadda hannu ɗaya ke bayarwa ɗayan bai sani ba. Na ce to ai ga kunya a mafi kyawun kamanninta. Sai dai a sadakar ɓoye mai bayarwa ne ke ɓuya, kyautar tana isa. Inna gwana ce a nan. Duk shekarun da na yi a Jibiya, babu hunturun da bai zo mini da sabuwar rigar sanyi ba, Kaka ta ce wai ita ta saya, alhali ko kasuwar Lahadi ba ta iya zuwa. Da na dawo gida, kwanon tuwona ne kullum yake da tsoka a ƙarƙashi, a binne, yadda ba mai gani sai mai ci. Ba ta kalle ni ba, ba ta kira ni ba, amma ban taɓa shakkar Inna ba. Ta rufe ƙofar gaba ta bar ta baya a buɗe. Baba kuwa ya toshe duka biyun, da dalili mai kyau, don kada a ƙona yaro, don kada yaro ya sangarce, don haka ya ga mahaifinsa ya yi. Kuma ina kyautata zaton shi ma a ransa na wucin gadi ne, sai yaron ya girma, sai ya gama makaranta, sai ya yi aure. Babba yana gane hannunka-mai-sanda. Yaro ɗan shekara takwas abin da ya taɓa jikinsa kawai ya sani.

Na san mutum ba inji ba ne, kuma misali in aka ja shi da yawa tsinkewa yake. Ban ce na warware komai ba. Na dai yanke shawarar a samo sabon.

Samunsa ya ɗauki mako uku. A Ƙofar Ruwa a Kano wani mai shago ya dube ni kamar na tambaye shi ƙahon zomo, ya ce shekararsa ashirin yana sayar da kayan Fijo ba a taɓa neman wannan a wurinsa ba, mutane cire hita suke yi, ni ina neman mayarwa. A Panteka ta Kaduna an samo mini guda biyu daga motocin da aka farke, duka tsatsa ta cinye. A ƙarshe ta Maraɗi aka samo, hannun wani tsohon almajirin Kawu, a cikin kwalinsa da ya yi laushi don daɗewa. Kawu ya karɓa, ya kafa baki a ƙofa ɗaya ya hura yana juya ɗan hannun da yatsa. Iska ta fita, ta ragu, ta tsaya cak. Ya ce, "Lafiyayye ne."

Na ce ni zan ɗaura da kaina. Ya ce to, amma in zo da yaro mai riƙe fitila, don ƙarƙashin dashbod duhu ne ko da rana tsaka. Na zo da babban ɗana, shekararsa goma sha tara.

Da sassafe muka fara, inji a sanyaye, domin ruwan lagireto a matse yake in ya yi zafi, wanda ya buɗe murfin a lokacin ya san abin da fuskarsa za ta gani. Na cire kan batir, muka tsiyaye ruwan a daro. Ruwan rijiya ne Baba ya yi ta zubawa, ni ma na gada, sai ga shi ya fito ja kamar an jiƙa jar ƙasa. Na warware wayar nan da filaya, ta karye a hannuna gutsi-gutsi. Fulogin farko ya ƙi fita, roba ta manne masa, sai da na tsaga tiyon da reza. Na jefa shi aljihu, ban san dalili ba. Daga nan na kwanta rigingine a ƙasan mota, kai ƙarƙashin dashbod, ƙafafu a kan kujera, matsayin da bai dace da mai shekara hamsin ba. Tsohon famfon na nan inda aka bar shi, ya yi kore da fari kamar tsohuwar buta. Na kwance wayar maƙunni, na kwance sukurorin, na fito da shi na miƙa wa Kawu. Ya gwada juya hannun, ya ƙi. Ya sa filaya, ya ƙi. Ba a buɗe yake ba, ba a rufe ba, ya sandare a tsakiya.

"Haka suke," in ji shi. "Ko da bazara, ka riƙa tura maƙunnin nan ka dawo da shi sau ɗaya a wata. Ba don ɗumi ba, don kada ya manta hanya." Sannan ya ba yara labarin wata mota da nata ya sandare a buɗe cikin watan Afrilu, a hanyar Daura, fasinja suka sauka suna tsine wa direba. Ya ce wancan ya fi wannan muni, don sanyi ana lulluɓa masa.

Kafin a ɗaura sabon sai da muka wanke ɗan lagireton. Muka zura masa ruwa da tiyo ta ƙofar fita, ta yadda zai koro dattin baya. Da farko ko ɗigo bai fito ba, sai ya yi tari, ya amayo laka, sannan ruwan shayi, sannan fari. Ban yi zaton zai rayu ba bayan shekarun nan, amma bai yi yoyo ba. Kawu ya sa aka duba gidan tamostat, ya tarar babu kowa a ciki, kamar yadda ya zata, don makanikanmu cire shi suke yi wai ƙasarmu da zafi. Ya ce in ba a mayar ba, injin ba zai yi ɗumin kirki da asuba ba, hita kuwa sai abin da inji ya ba ta. Aka mayar. Muka sa sababbin tiyo da maɗaurai na ƙarfe, na daidaita waya yadda in maƙunni ya kai ƙarshen shuɗi famfo ya rufe ruf. A wannan karon ruwan kanti mai launi muka zuba, wanda ke hana tsatsa. Kawu ya yi wa yara kashedi kada a bar ragowarsa a buɗe, yana da zaƙi-zaƙi kuma guba ne, akuya ko yaro zai iya sha.

Duk tsawon lokacin nan ɗana yana durƙushe a bakin ƙofa da fitilar waya. Na lura da hannunsa, ba ya rawa, kuma kafin in nemi sifana ya miƙo wadda nake so. Ina kwance a wurin, jini ya taru mini a ka, na shirya maganar tsaf a raina. Zan kira sunansa, in ce ya iya aiki. Kalma huɗu ce ko biyar. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Kai, haska nan." Ya haska.

Aka tayar da inji, allurar zafi ta hau, na tura ja. Iska mai sanyi. Na dubi Kawu. Ya ce in taɓa tiyon biyu. Tiyon shiga da zafi, na fita da sanyi. "Iska ce ta tsaya a ciki," in ji shi. "Robine a buɗe yake, amma ruwa ba zai wuce ba sai ta fita." Muka bar inji ya huce, muka ɗaga gaban motar, muka buɗe murfi, aka sake tayarwa, ɗana yana matsa tiyo da hannu kamar mai tatsar nono. Kumfa ta riƙa fitowa ɗaya-ɗaya, ruwa ya faɗa, muka ƙara. Mun fi rabin awa a haka. Can sai na ji wani wari ya taso daga ƙasa, warin tsohuwar ƙura da ta ji wuta, sannan ɗumi ya sauka a bayan hannuna.

Da za mu tafi Kawu ya ƙara mini ɗaya. Ya ce in wata rana allura ta hau ja a kan hanya, in buɗe hitar gaba ɗaya, in sa fanka a ƙarshe, in sauke gilasai. Ɗan lagireton zai taya babban aiki, inji ya samu sauƙi har in kai inda zan tsaya. Wannan na san shi a littafi. Abin da ya faɗo mini a rai daban ne: Baba a shekarunsa na ƙarshe, zaune a zaure shi kaɗai bayan isha'i, in na shigo gaishe shi ya dube ni ya daɗe kamar mai shirin magana, sannan ya tambaye ni ko motar tana shan mai.

Talatar da ta biyo baya hazo ya sauko sosai, fitilun mota ba sa ganin gabansu. Na tayar da inji tun kafin in tafi masallaci, na bar shi yana ɗumi. Aka fito da Inna, mayafi biyu da bargo, ƙanwata ta zauna kusa da ita. Ban ce komai ba, na tura maƙunnin. Mun wuce Ƙofar Ƙaura na ga ta madubi ta zaro hannu ɗaya daga cikin bargo, ta miƙa shi ƙasa wajen ƙafafunta, ta juya tafin sama da ƙasa. Can ta sassauta mayafin sama. Ni kuwa gumi ya fara tsattsafo mini a wuya, don na gaba ya fi samu, sai na kai hannu zan rage.

Ba ta dube ni ba. Taga take kallo, inda babu abin gani sai hazo. Ta ce wa ƙanwata, "Ki ce wa yayanku ya bar shi haka."